Hantar da na gani a mahautar Tawa

Saniyar baba ce, Ja muke ce mata. Tun da sanyi ya shigo take ramewa, tana cin ciyawa amma kamar ana zuba wa rami. Ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, fatar idonta ta yi fari fat. Baba ya ce a yanka ta kada ta mutu mushe.

Da mahauci ya tsaga hantar, sai ga tsutsotsi faffaɗa kamar ganye suna motsi cikin hanyoyin matsarmama, hanyoyin sun yi kauri, wuƙa har ƙara take yi. Likitan dabbobi ya hana a sayar da hantar.

Shi ya bayyana mini: ƙwan tsutsar yana fita cikin kashin dabba, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga ƙaramar katantanwa, sannan ya fito ya manne wa ciyawar bakin tabki. Shanunmu kuwa a bakin tabkin Tabalak suka yi rani.

Na ce: "Baba, sauran shida fa?" Washegari muka ɗura musu maganin triclabendazole, shi ne ke kashe tsutsar tun tana ƙarama. Yanzu a rijiya nake shayar da su, ko da guga na cinye mini hannu.