Kansar dubura: tiyata ko sa ido bayan gashi?

Aikin jinyar masu kansar dubura ya koya mana cewa shawara ta fi wuya a ranar da likita ya duba bai ga ƙarin ba, wato kumburin kansar. An yi gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, an yi kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, jini ya tsaya, majinyaci ya ji garau. A yanke duburar duk da haka, ko a bar ta a sa ido?

Farfesa Angelita Habr-Gama ta ƙasar Brazil ce ta fito da hanyar sa ido a 2004. Sharaɗinta mai tsauri ne. Bayan mako 8 zuwa 12 da gama gashi, likita zai duba da yatsa, ya leƙa da na'ura mai kyamara, a kuma ɗauki hoton MRI mai nuna cikin jiki. Dole ukun su yi daidai: tabo fari shafaffe, ba gyambo, ba ƙullutu. Idan ɗaya ya saɓa, tiyata ta fi aminci. Ko an ɗebi tsoka an auna ba a ga komai ba, hakan bai wanke wurin ba, domin ƙwayoyin cutar sukan ɓuya a can cikin bangon hanji.

Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 4 na waɗanda aka sa wa ido ƙarin yakan dawo, akasari cikin shekara 2 na farko. Idan an gano da wuri, yawanci tiyata tana cire shi. Shi ya sa ake son majinyaci ya riƙa dawowa duk wata 3 ko 4, a duba shi, a yi gwajin jini na CEA mai iya nuna alamar dawowar kansar, a maimaita MRI a kan kari.

A nan ne lamarin yake karyewa a wajenmu. Manomi daga Daura ko Mai'adua ya riga ya sayar da dabbobinsa wajen biyan gashi. Ya zo Katsina sau ɗaya, sau biyu, damina ta faɗi, kuɗin hoto ya gagara, sai ya daina zuwa. Idan jini ya dawo a ce basir ne, a koma jiƙe-jiƙe. Kafin ya sake bayyana, ƙarin ya kama ƙashin ƙugu ko ya kai hanta. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirga ba, gaskiya tiyata ta fi masa, kuma wajibi ne a gaya masa haka a gaban wanda ke ɗaukar nauyinsa.

Ita ma tiyatar ba wasa ba ce. Idan ƙarin na kusa da bakin dubura, sau da yawa mutum zai rayu da ledar bayan gida a jikin cikinsa har abada, kuma fitsari da kwanciyar aure na iya samun matsala. Da yawa tsoron alwala da sallah ke sa su gudu. Malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura, don haka a haɗa majinyaci da malami da kuma wanda ya saba da ledar tun kafin ya yanke shawara.