Mun tada tsohon jirgin kawu a Yawuri

Mutanen da basu tashi a bakin kogi ba suna ɗauka ruwa ne ke cinye jirgin katako, alhali rana ce da zaman banza. Jirgin da ke cikin ruwa kullum katakonsa a kumbure yake, wannan ya matse wancan, ruwa baya samun ta inda zai bi sai ɗan abinda ba a rasa ba. Amma ka jawo shi tudu ka barshi ya sha hunturu ya sha bazara, toh sai katakon ya tsuke, tsaga ta buɗe har kana hango ƙasa ta ciki, gara kuma ta biyo ta ƙarƙashi tana aikinta ba wanda ya sani.

Abinda ya samu jirgin kawuna kenan. Tunda ƙafa ta hana shi shiga ruwa, yaran gidan kuma wasu sun tafi haƙar zinare wasu suna kabu-kabu, jirgin nan yana yashe a bayan gida awaki na kwana a ciki. Har an fara maganar a faskara shi matan gida suyi bandar kifi da shi. Ni dai raina bai so ba, kuma ba wai don ƙaunar tsohon abu kawai ba, katakon maɗaci ne, irin jan nan mai nauyi, wanda yanzu in kaje kasuwar katako neman mai faɗi da kauri irin wannan sai ka sha yawo, in ma ka samu kuɗinsa ya isa ya kore ka. Manyan itatuwan maɗaci da kawo da ake samu a da an sare su, abinda ake haɗa sababbin jirage da shi yanzu yawanci farin katako ne mara ƙwari, yana sabo yana sheƙi, bayan 'yan damuna kaɗan ya fara laushi.

Na kira wani dattijo mai gyaran jirgi, cikin Sarkawa yake, tun yana yaro wannan ce sana'arsa. Bai ce komai ba da ya zo, sai da yasa muka kife jirgin, ya ɗauki guduma yana bin katako ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda ke da rai sai kaji ƙara tas, inda ya ruɓe kuma sautin a dushe yake, sai ya zaro wuƙa ya caka, in ta shige ba gardama ya shata wurin da gawayi. Nace Baba ba za'a iya liƙe wuraren nan da kwalta kawai ba? Yace yaro, kwalta tsaga take toshewa, bata rayar da mataccen katako, in kana so a rufa maka ido na rufa amma ba dai in sa ɗan wani a ciki ba.

Sai aka fara da cire ruɓaɓɓun, na ƙasa ta wajen baya sune suka fi lalacewa domin nan ruwan sama ke taruwa ya kwanta. Ƙusoshin da suka yi tsatsa duk aka zare su, kuma wannan aikin yafi komai cin rai, domin tsohuwar ƙusa karyewa take a ciki, sai an bi ta da wata an turo ta. Haƙarƙarin jirgin, wato katakan da ke riƙe da cikinsa a gicciye, wasu an canza wasu an ƙara musu ƙarfi. Sabon katakon da muka sayo bai yarda an buga shi ɗanye ba, sai da ya sha iska a inuwa, sannan ya dinga sassaƙe bakinsa da gizago yana gwadawa yana cirewa yana sake sassaƙa har sai da ya zauna daram. Wallahi kallon hannun mutumin nan kaɗai abin a biya kuɗi ne, ba tef ba ruula, ido ne da ɗan igiya.

Daga nan sai cushe. Ana murɗa tsumman auduga a bi duk wata tsaga ana tura shi da bakin ƙarfe ana bugawa a hankali, in ka cusa da yawa katako zai tsage lokacin da ya kumbura, in kayi kaɗan kuma yoyo. Sai a dafa kwalta a rabin duro har ta zama ruwa a bi kan cushen da ita tana da zafi, a kawo yankakken kwano a rufe layin a jera masa ƙananan ƙusoshi kusa-kusa. Wasu yanzu suna narka farin abin nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, su zuba shi a fetur ya zama gam su shafa, yana kamawa kam kuma yana da arha, amma Baba yace in ya bushe ƙandarewa yake ya ɓamɓare, katako kuwa motsi yake da zafi da sanyi. Mu dai kwalta muka yi.

Da aka tura shi ruwa ya fara shan ruwa ta ko'ina, hankalina ya tashi, ashe haka ake so. Aka ɗaure shi a gefe aka barshi ya jiƙu 'yan kwanaki har katakon ya koma ya kumbura, aka kwarfe ruwan da yankakkiyar jarka, sai gashi cikinsa ya tsaya, ɗan wuri ɗaya ne ta goshi ya ci gaba da tsattsafo aka sake bi.

Abinda yasa na dage ayi aikin nan da gaskiya, ruwan namu ba na wasa bane. Tunda aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da daji, tsohuwar Bussa ma tana ƙarƙashi, kuma har yau akwai kututturan itatuwa a tsaye cikin tafkin, in ruwa ya ja baya suna dab da sama baka ganinsu. Lafiyayyen jirgi in ya daki kututture zai iya jurewa a lallaɓa a kai gaɓa, ruɓaɓɓe kuwa darewa yake. Ba wanda ya manta abinda ya faru a watan Mayun 2021 kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, jirgin da ya taso daga jihar Neja cike da 'yan kasuwa ya nutse, mutum sama da 100 suka ɓace, Allah ya jiƙansu. Anyi maganar lodi ya wuce kima, anyi maganar tsufan jirgi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa tana ta cewa a daina tafiyar dare a dinga sa rigar kariya, kuma gaskiyarta ne, amma ni ina ganin ya kamata sarakunan ruwa su dinga sa ana ƙwanƙwasa katakon duk jirgin da ke ɗaukar fasinja kamar yadda Baba yayi wa namu, domin fenti na ɓoye abubuwa da yawa.

Yanzu wani ƙanena ne ke fita da shi, yana zuba raga yana samun karfasa da tarwaɗa daidai gwargwado. Sharaɗin da muka yi da shi, duk safiya ya kwarfe ruwa ya wanke laka da ƙayar kifi, kada ya bar ruwan sama ya kwana a ciki, kada ya ja shi kan duwatsu, in kuma dole sai an fito da shi tudu toh a ɗora shi kan guma-guman itace a rufe da zana. Ya so a ɗaura masa injin Yamaha, Baba yace katakon baya ba zai ɗauki girgizar inji ba sai an canza shi gaba ɗaya, don haka filafili da gora zai ci gaba da yi har rani mai zuwa, in Allah ya hore mana kuɗin katakon sai ayi wannan tare da sabuwar kwalta.