Zubin tagulla a Faransa: abin da maƙerin gida zai tarar

Maƙerin da ya taso yana zubin azurfa da kakin zuma a Agadas ko Damagaram ya riga ya san rabin aikin da muke yi a ma'aikatun zubin mutum-mutumi a nan Faransa. A fara da takardar zama mai izinin aiki, a kuma adana takardar albashin kowane wata, don za a neme ta wajen haya da sabunta takardu. Makon aiki awa 35 ne bisa doka. Mai shakka kan hukuncin ƙera siffa ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu.

Ana shafa danƙon siliko a jikin siffar asali, a tallafe shi da filasta, a zuba kaki a mazubin har kaurinsa ya kai milimita 4 zuwa 5. Sai a dasa hanyoyin shigar ƙarfe da na fitar iska, a lulluɓe da ƙasa mai jure wuta, a gasa kakin ya fice, a zuba tagulla da zafin da ya ɗara digiri 1,100 a ma'aunin Selsiyos. Danshi kaɗan a mazubi kan sa ƙarfe ya yi tartsatsi. Ƙurar wannan ƙasa mai jure wuta tana cin huhu a hankali, kada wani ya goge ta babu takunkumin FFP3 mai tace ƙananan ƙura.

Inda sabon zuwa ke tuntuɓe shi ne kayan su Salvador Dalí, mai zane ɗan ƙasar Sifen. Tafiyarsu ta Suriyalizim, salon fasaha mai kama da mafarki, wadda marubuci André Breton ya shelanta a Paris a 1924, ta ɗauko daga masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud cewa mafarki na tona sha'awa da tsoron da mutum ya binne. Dalí ya gana da Freud a Landan a 1938. Don haka abin da idon maƙeri ke gani kamar aibi, da gangan aka yi shi. Aljihunan tebur da Dalí ya huda a jikin mutum-mutumin macen nan Venus da ya yi a 1936 sirrin zuciya ne da ake jawowa waje. A bar su a buɗe yadda suke. Tururuwa a aikinsa alamar ruɓewa ce da mutuwa, amma sau da yawa mai magagari kan ɗauke ta ɗigon ƙarfe ya share. Gwafa tana tallafe abin da ya yi laushi, agogon da ya narke kuwa ba ya son a miƙe masa gefe. Ƙafafun giwa masu siranta su ne ciwon kai: ƙarfe kan daskare kafin ya kai ƙarshensu, shi ya sa aka fi zuba su daban a haɗa da walda.

Batun lambar da ake bugawa a jikin kowane zubi ba wasa ba ne. Zubin da ake ƙirga shi na asali guda 8 ne, 1/8 zuwa 8/8, da 4 na mai zanen, I/IV zuwa IV/IV. Wanda aka kwafo daga jikin wata tagulla, dokar Faransa ta 1981 ta wajabta a buga masa kalmar Reproduction, wato kwafi, yadda za a gani. Masana na kama irinsa da ma'auni, don tagulla na tsukewa idan ta huce, kwafin ya fito ƙasa da uwarsa. Dalí ya mutu a 1989, kuma da yawan tagullar da ke kasuwa da sunansa bayan nan aka zuba su. Duk mai gidan da ya ce ka buga lamba ko sa hannu babu takardar izini, ka ƙi, ko da aikin zai tafi.