Ki tambaye ta a wata na nawa cikin ya zube

Jiya na ga wata sabuwar ungozoma ta sallami mace mai ɓari na uku da maganin ƙarin jini, ta ce mata Allah ya kawo mai amfani. Ko watan cikin ba ta tambaya ba, idonta na kan waya. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta kama ni, don abin da na shekara ina yi ke nan.

Haka aka koya mana, sai ɓari uku a jere ake bincike. Sikanin kuwa sai an je birni, wa zai biya? Amma tambaya ba ta cin ko sisi, nan kam ba ni da hujja. Mata nawa aka yi wa wankin ciki a gabana, cikin wata biyar, ba naƙuda, ruwa kawai ya fashe. Bakin mahaifa ne ba ya riƙewa. Da an yi musu ɗaurin bakin mahaifar tsakanin mako na 12 da na 14 na ciki, da wasu sun goya. Na bar su da surukai masu cewa aljani ne.

To ke 'yata ungozoma, ɓari biyu ya isa a fara bincike. A auna suga da sinadarin maƙoƙo, a yi sikanin a ga ko ƙari ko shamaki ya raba cikin mahaifa. Akwai ciwon da ke daskarar da jini a mabiyiya, ana gwajinsa sau biyu da tazarar mako 12. In ya tabbata, asfirin miligiram 75 da allurar hefarin mai hana jini daskarewa ne maganinsa, likita ne kuma zai rubuta. Ku na yanzu kuna raba asfirin kamar goro.

Kada kuma ki talauta mijin da gwaje-gwaje. Kusan rabin ɓarin watanni ukun farko daga halittar ɗan tayin ne, babu allurar da za ta riƙe shi, sau da yawa ma a gama bincike ba a ga komai ba. Duk da haka a yi. Wadda ta haura shekara 35 kada ki ce mata ta jira kafin a yi bincike. Ki kira mijin ki faɗa masa a gabanta cewa ba daka ko ɗiban ruwa ne ya zubar da cikin ba.