Kafin Iyaka Ta Sake Rufewa: Shawara Ga Ƙannena Masu Neman Na Kansu

Duk wanda ya haura shekara hamsin a Maraɗi ya ga abin da yake ci da shi ya rushe fiye da sau ɗaya. Gyaɗa ce ta tayar da alhazan garin nan, farin 1973 da 1974 ya karya ta. A 1984 aka yi yunwar da tsofaffi ke kira El Buhari. A Janairun 1994 aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Sai tsadar hatsi ta 2005, sai Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, kuran ma ya zama sai an dace. Ƙannena, wani bugun zai sake zuwa a zamaninku. Waɗanda suka miƙe bayan kowane bugu ba su fi sauran taurin zuciya ba, shiri suka yi tun ana lafiya, kuma da abin ya zo ba su tsaya jin kunya ba.

Fara da raba jari da kuɗin cefane. Mu da muka riga ku shiga kasuwa, a nan yawancinmu muka fara zubewa: aljihu ɗaya, a sayar a ci, sai ranar sarin kaya a ga butik ya rame. Yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kullum, jika ɗaya ko biyu gwargwadon ƙarfin sana'ar, ka rubuta a littafi, har bashin da ƴan uwa suka ɗauka. Kada kuma ka tara ajiyarka duka a kuɗi iri ɗaya. Wanda ya ɓoye naira ya sha kuka da ta faɗi a 2023, kamar yadda mai sefa ya sha a 1994. Wani kaso ya zama hatsi, wani ya zama akuya ko tunkiya.

Maganar hatsi tana da lissafi. Gero ya fi araha da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, ya fi tsada daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon bai nuna ba. Ƙidaya tiya nawa gidanku ke ci a rana, ka ninka sau casa'in, kwanakin wata ukun nan na tsada. Gidan da ke cin tiya biyu yana buƙatar tiya 180, wato buhu huɗu da rabi idan buhu na cin tiya arba'in. Wannan na ci ne, ba a taɓa shi don biki ko suna. Wake kuwa ƙwari ne abokan gabarsa. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhu mai ninki uku, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Huda ɗaya ta kusu, ko buɗewa kowane mako don a leƙa, ta isa ta mayar da shi gari. Amma kada ka ci bashi ka sayi hatsi don jiran tsada, akwai shekarar da farashi ke kwanciya, mai bashi kuma ba ya kwanciya.

Idan asarar ta riga ta auku, makonnin farko su ne masu haɗari, domin a lokacin ne mutum ke ci gaba da shiga irin ta da, da kyauta irin ta da, don kada a gane. A nan jarin da ya rage ke tafiya. Zauna ka rubuta abin da ya saura da abin da ake bin ka. Ka je wurin masu bashi kafin su zo ƙofar gidanka, tare da dattijon da ku duka kuke jin nauyinsa, ka faɗi abin da za ka iya biya kowane wata, ko kaɗan ne, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ɗan kasuwar da ya ga ka cika alkawarin jika biyar sau uku a jere zai iya sake ba ka kaya. Wanda ka kashe wa waya ba zai ƙara ba, kuma zai faɗa wa na kusa da shi.

Sayar da kaya ma yana da tsari. Waya mai tsada da kayan ado su fara tafiya, sannan ƙananan dabbobi. Abin da kake neman abinci da shi, moton kabu-kabu ko keken ɗinki, shi ne na ƙarshe. Gona kuwa, a yankin da ƙasar noma ta yi ƙaranci kamar namu, wadda aka jinginar da wuya ta dawo.

Manomanmu sun san sassaben zamani, wanda ya faro a jihar nan tun wajen 1983: kututturen kalgo ko sabara ya tofo rassa da yawa, sai a bar uku zuwa biyar masu ƙarfi a sare sauran. Haka sana'a take: wanda jarinsa ya karye ya kan ruɗe ya kama sana'a shida a lokaci guda, babu wadda ta samu ruwa. Riƙe biyu, amma kada su rataya a igiya ɗaya. Mai sayar da fetur ɗin Najeriya da ya ƙara da sayar da taliyar Najeriya sana'a ɗaya gare shi, ranar da aka rufe iyaka duka za su tsaya. Haɗa ta da abin da ake yi a nan: gyaran sola, walda, turkar rago don Layya, cinikin aya ko riɗi, zogalen Jiratawa. In turka ce, sayi harawa da dusa tun kaka, domin abincin da aka saya da rani shi ke cinye ribar.

Ƴan mata, ku kun fi samari gata a nan. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara a 1991, wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Ku shiga da zubin da za ku iya ko a mako mafi muni, kuma kada kwasar adashe ta tafi ga anko.

Samari kuma, tiramol ba ya ƙara ƙarfi, gajiya yake ɓoyewa har jiki ya karye, ga farfaɗiya da yake jawowa. Idan barci ya ƙaurace maka mako biyu, abinci ba ya shiga, kana gudun mutane, faɗa wa wani babba da ka yarda da shi, ku je likita tare.