Bayan an cire mini ƙwan mahaifa

Ina da shekara 42 aka yi mini tiyata, aka cire mahaifa haɗe da ƙwayayenta biyu saboda ƙari. Da na koma ƙauyenmu a ƙasar Ringim sai jiki ya ɗauko sabon salo: zafi ya taso daga ƙirji ya mamaye fuska, zufa ta jiƙa zani sharkaf, gaba ya yi ta faɗuwa, alhali hunturu ake yi kowa na jin wuta. Uwar mijina ta ce, "'Yar nan, wannan ai iska ce." Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ranar komawa asibiti na zayyana wa likita komai.

Ta ce sinadarin estrojin na rasa, wanda ƙwan mace ke samarwa. Shi ke sa jijiyoyin jini su saki, su yi laushi kamar sabon tiyo, yana kuma rage mugun kitse a jini. Mai ɗaukewar al'ada ta ƙa'ida, galibi tsakanin shekara 45 da 55, a hankali nata yake ja baya. Ni dare ɗaya nawa ya yanke. Zafin nan kuwa, ƙwaƙwalwa ce ke ɗauka jiki ya ɗau ɗumi, sai ta buɗe jijiyoyin fata jini ya kwararo. Wanda ba a ji shi ya fi tsorata ni: jijiyoyi su yi ta tauri, hawan jini ya lallaɓo.

Kafin ta rubuta maganin da zai maye gurbin estrojin ɗin da na rasa, sai da ta titsiye ni. Jini ya taɓa daskare mini a ƙafa? Ciwon hanta fa? Sankarar mama, shanyewar ɓarin jiki? Ta auna jinina, sannan ta zaɓa mini na liƙawa a fata maimakon ƙwaya. Wadda ake haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuma ta ƙara sinadaran da ke daskarar da jini. Na liƙawa kai tsaye yake shiga jini. Sai dai samunsa aiki ne, daga Kano ake sayo mini, kuma da tsada.

Na tambaye ta batun cewa maganin na kawo ciwon zuciya. Ta ce daga wani babban bincike na Amurka a 2002 maganar ta samo asali, amma yawancin matan cikinsa sun haura 60. Wadda ta fara kafin 60, ko cikin shekara 10 da ɗaukewar al'ada, lissafinta daban ne.

Zufar dare ta lafa, barci ya dawo. Ina zuwa awon jini a asibitin sha-ka-tafi, na rage gishiri da dunƙule. Maƙwabciyata ta roƙi in sam mata maganin, na hana ta. Mahaifarta na nan, kuma estrojin shi kaɗai kan kumbura bangon mahaifa har ya kai ga sankara, sai likita ya haɗa mata da furojestaron, sinadarin da ke kare bangon mahaifa.