Haidiranjiya a ƙasar Kano da Jigawa, da abin da ya fi ta dacewa da tsakar gidanmu

Duk wanda ya ga hoton haidiranjiya a waya, da dogayen kawunan furenta farare tas, zai so a ce tana ƙofar ɗakinsa. Kafin a aika kuɗi Legas ko Abuja a sayo, ya kamata a san halinta, domin a ƙasarmu da wuya ta yi yadda take a hoto.

Irin da ake magana a kai, wadda masana tsirrai ke kira Hydrangea quercifolia, asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Amurka ne, wajen Jojiya, Alabama, Misisifi da arewacin Fulorida. Jihar Alabama ma ta ɗauke ta a matsayin furen dajinta a 1999. Tsayinta kan kai mita ɗaya zuwa biyu da rabi. Ganyenta faffaɗa ne mai yatsu kamar na kuɓewa, kan furenta kuma yakan kai santimita 15 zuwa 30, ya fito fari, ya koma ja-ja, daga baya ya bushe ya zama ruwan ƙasa. A can, ƙarƙashin manyan itatuwa take tsirowa a gefen rafi, cikin ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da ɗan tsami.

Babbar matsalar ba zafi ba ce kaɗai. Wannan shuka tana ƙulla ƙwayar furen baɗi ne a jikin reshen bana, sannan sanyi mai tsanani ya zo ta zubar da ganye ta kwanta na watanni, sai ta farka ta buɗe furen. Hunturunmu, duk da ƙorafin da muke yi da shi, ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 da dare ba, kuma da rana ta ɗaga ya wuce. Bai isa ya kwantar da ita ba. Abin da hunturu zai yi mata shi ne ya tsotse ruwan ganyen har gefensa ya ƙone, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu ta ƙarasa. Mai gida ya ga ganye ya langaɓe sai ya yi ta kwarara ruwa, ita kuwa saiwarta ba ta jure kwana cikin ruwa, ruɓewa take yi. Ga kuma toka, wadda ita ce makaminmu na farko a kan gara: toka tana kashe tsamin ƙasa, sai shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore. Ruwan bohol mai gartsi ma haka yake yi mata a hankali.

Wanda ya nace sai ya gwada, to a tukunyar ƙasa babba mai huda a gindi, ba a fili ba. Ya haɗa turɓaya kashi biyu, ruɓaɓɓen ganye kashi biyu, ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Ya aje ta gabashin ɗaki, inda rana za ta taɓa ta da hantsi kaɗai. Ruwan sama da aka tara ya fi mata. Kada a datse ta da kaka ko da rani, nan ne ake yanke furen baɗi ba a sani ba. Kuma a nesanta ta da awaki da yara, ganyenta da furenta suna da guba. Da duk wannan ɗawainiya, ganye ne mafi yawan abin da za a samu.

A ganina wahalar ba ta kai ba, tunda akwai lalle. An fi sanin sa da ƙunshi, har an manta cewa shi ma a dunƙule yake fitar da fure a kan reshe, ƙanana farare masu ƙamshin da ke cika gida da almuru. Duk abin da ke kashe haidiranjiya shi yake so: rana tsantsa, ƙasar jigawa, zafin bazara. Ko ƙasa mai ɗan kanwa yana jurewa.

Da reshe aka fi saurin samun sa. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a nemi tsohon lalle mai lafiya, a yanki reshen da ya fara ƙwari, kaurin fensir, tsawon taƙi guda ko santimita 25, mai gaɓa huɗu aƙalla. Ɗanyen toho mai laushi ba ya yi, bushewa yake kafin ya kama. A yanke gindin a karkace daf da gaɓa, a tsige ganyen ƙasa duka, a bar biyu ko uku a sama. A cika leda da turɓaya kashi biyu da takin dabbobi da ya ruɓe kashi ɗaya, a huda ledar ta ƙasa, a soka reshen har rabinsa ya shige. A kula da wanne ne kai wanne ne gindi, don wanda aka juya ba zai tsiro ba. Sai a jera ledojin a inuwar darbejiya, ana yayyafa ruwa da safe. A yanka fiye da abin da ake buƙata, ba duka ke kamawa ba.

Cikin mako biyu zuwa uku za a ga toho, kuma a nan ake yawan yin asara. Tohon farko da abincin da ke jikin reshen yake fitowa, saiwa ba ta riga ta fito ba. Wanda ya yi ɗokin dashe a lokacin, ko ya ja reshen don ya duba, ya kashe shi. A jira mako shida zuwa takwas, sai an ga farar saiwa ta leƙo ta hudar leda. Hakan yakan faɗo cikin Yuli ko farkon Agusta, damina ta zauna.

Ana iya shuka iri, amma ɓawonsa da tauri. Sai an jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa kullum har ya kumbura, kuma zai ɗauki wata uku kafin ya isa dashe.

Ramin dashe ya kai kamu guda a zurfi da faɗi. A gauraya ƙasar da aka haƙo da kwano biyu na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, kuma shi ke gayyato gara. A yaga ledar a hankali kada ƙasar ta warware, a dasa da yamma, a danne da ƙafa, a zuba bokiti guda. In shinge ake so, tazarar rabin mita. In guda ɗaya ake so ya yi kai ya yi fure sosai, a ba shi mita biyu, nesa da inuwar katanga. A nan toka ba ta da laifi, a barbaɗa ta kewaye da gindi. A kuma kewaye da ƙayar magarya, don akuyar rani ba ta barin kore.

Ranin farko shi ne gwaji. Bokiti guda sau biyu a mako ya ishe shi, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikin itacen. Daga shekara ta biyu ruwa kaɗan yake nema. In ya zubar da ganye da hunturu ba mutuwa ya yi ba, kada a tumɓuke.

Sai maganar yanka, inda uwargida da maigida kan saɓa. Mai son ganyen ƙunshi yankewa take yi ƙasa-ƙasa don sabon toho ya yawaita, kuma lallen da ake yi wa haka ba ya samun damar fure. Mafita ita ce a ware: na shinge a bar wa mata su riƙa yanka, ɗaya ko biyu a bar su don fure. Waɗannan sau ɗaya za a datse su a shekara, gab da faɗuwar damina, a rage kashi ɗaya cikin uku na tsawon rassa, a cire busassu da waɗanda suka harɗe. In furen ya bushe a tsinke kan kafin ya ƙulla 'ya'ya, zai sake fitar da wani. Kada a zuba masa yuriya, ganye za ta tara furen ya ragu. In darɓa ta kama sabon toho, a daka 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu, a jiƙa a bokitin ruwa su kwana, a tace, a saka ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda.